Gyaran Madafi: Ina Hayaƙin Ya Koma?

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai shirin gini ya san yadda ake rabon fili a ƙasar nan. Akan fara da ƙofar gida, a yi ta ja-in-ja kan ko gabas za ta kalla ko kudu. Daga nan sai zaure, ko falo a ginin zamani, sai turakar maigida, sai ɗakunan iyali, sai wurin ajiye mota, ko da kuwa motar tana cikin addu'a tukuna. Sai an gama wannan duka, birkila ya fara naɗe igiyar awonsa, sannan wani zai yi firgigit ya ce, af, to a ina za a riƙa girki? Sai a waiwayi lungun da ya rage, galibi can daura da banɗaki, a ce ai nan ma ya wadatar. Wato ɗakin da ya fi kowane ɗaki aiki, wanda wutarsa ba ta san hutun Juma'a ba balle na salla, shi ake bar wa ragowar fili da ragowar bulo da tsohon kwanon da aka ciro daga wani rufin.

A 'yan shekarun nan kuwa sai ga shi abin ya juya, aƙalla a birane. Gyaran madafi, ko kicin kamar yadda bakin kowa ya saba, ya zama abin yayi. A fasa tsohon, a shimfiɗa tayil ƙasa da bango, a kira kafinta ya jera kabet sama da ƙasa, a ɗora masa dutse mai sheƙi, a jawo famfo, a girke murhun gas mai baki huɗu, firji na gefe yana gurnani in an kawo wuta. Ba mu ce wannan ba ci gaba ba ne. Tambaya ɗaya kawai muke so mu ajiye a gaban 'yan'uwa: idan an ce an gyara, wa aka gyara wa? Dalili kuwa, kalmar gyara ba ta tsayuwa da ƙafarta. Ba a gyara sai inda akwai ɓaraka, ɓaraka kuma ba ta amsa sunanta sai da wanda take ci wa tuwo a ƙwarya. Mai biyan kuɗi yana da abin da yake ganin ya ɓaci a madafi, baƙon da za a zagaya da shi gida yana da nasa, haka ma wadda za ta tsaya a ciki tun daga kunun safe har zuwa wanke-wanken dare. Sau da yawa waɗannan idanu ba abu guda suke kallo ba, kuɗin kuma ba zai isa a biya wa kowa bukata ba, dole a fifita wani. A nan ne maganar take tashi daga hannun kafinta ta zama maganar adalci.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu raba gari da wani daɗin baki da ake yawan ji, wato begen murhun gargajiya. Mai wannan bege zai ce maka tuwon icce ya fi gardi, miyar tukunyar ƙasa ta fi ƙamshi. Wataƙila gaskiyarsa. Amma a lura, mai faɗin haka kusan kullum daga zaure yake faɗa, inda ƙamshin ke isowa bayan hayaƙin ya tsaya a wurin wata. Wanda ya taɓa ɗaga kai a tsohon madafi ya ga kunkunniyar da ta lulluɓe rufi, to ya tambayi kansa: azara da kwano da ba sa numfashi ma ke nan, ina ga ƙirjin da ya shekara 30 yana shaƙa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga girki da icce da gawayi da kananzir take fitowa, ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a duniya, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 237,000. Yaran nan ba girki suke yi ba. A goye suke, hancinsu bisa kafaɗar uwa, daidai inda hayaƙin ke tashi. Ba a kuma rubuta wa kowa hayaƙin murhu a katin asibiti. Sai dai a ce ciwon huhu ne, ko na zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko yanar ido, dangi kuma su ce tsufa ne.

Saboda haka magidancin da ya ware kuɗi ya fitar da iyalinsa daga wannan hali ba almubazzaranci ya yi ba, bashi ya biya. Wanda kuma yake da hali ya ƙi, yana fakewa da cewa ai iyayenmu ma da icce suka yi, sai mu tambaye shi ko shi ma a kan jaki yake zuwa wurin aiki, tunda kakansa da jaki ya yi fatauci. Riƙon al'ada bai tashi kama shi ba sai a ɗakin da ba ya shiga.

To amma ba nan gizo ke saƙar ba. Wanda ya ƙi gyara, laifinsa a fili yake. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne wanda ya gyara, ya kashe kuɗi masu kauri, amma ɓarakar tana nan inda take. Ba za mu fahimci yadda hakan ke faruwa ba sai mun san inda wannan fasali na jeren kabet ya samo asali, don ba daga sama ya faɗo ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, birnin Frankfurt na ƙasar Jamus ya shiga matsalar ƙarancin muhalli, hukumar birnin ta tashi gina dubban ƙananan gidaje domin ma'aikata, a ƙarƙashin jagorancin wani mai tsara gine-gine, Ernst May. A shekarar 1926 aka ɗora wa wata 'yar ƙasar Ostiriya mai suna Margarete Schütte-Lihotzky aikin tsara madafin waɗannan gidaje. Matar nan ba ta fara da tambayar wane launi ne zai burge baƙo ba. Da agogo da ma'auni aka bi aikin mai girki: taku nawa take yi daga murhu zuwa wurin wanke-wanke, sau nawa take sunkuyawa, ina hannunta ke kaiwa ba tare da ta yi ɗage ba. Ta kuma yi nazarin ɗan madafin da ke taragon cin abinci na jirgin ƙasa, inda mutum ƙalilan ke ciyar da fasinja masu yawa daga wuri kamar tafin hannu. Abin da ta fitar ɗaki ne mai faɗin kimanin mita 1.9 da tsawon mita 3.4, da taga a ƙarshensa, teburin aiki a ƙarƙashin tagar, kujera mai juyawa don a yi yanke-yanke a zaune, fitilar da ake ja zuwa inda ake bukatar haske, da 'yan durowoyin alminiyam, kowace da sunan abin da za a zuba mata. An kafa irinsa kusan 10,000 a gidajen birnin. Duk kicin ɗin da ka gani yau a Kano ko Kaduna ko Yamai, mai kabet jere a bango da dogon teburi a ƙasa, jikan wannan ne, ko maigidan ya sani ko bai sani ba.

Duk da wannan ƙwazo, matan da suka zauna a gidajen sun sami abin cewa. Durowoyin nan masu suna sun yi ƙasa har hannun yara na kai musu, mata kuma suka riƙa zuba abin da suka ga dama, ba abin da aka rubuta ba. Babban abin kuka shi ne ɗakin mutum ɗaya kawai yake ɗauka. An rage wa mace taku, amma an killace ta ita kaɗai, babu wurin da yaro zai zauna kusa da ita, babu wurin mai taya ta aiki ko hira. Masu fafutukar haƙƙin mata a shekarun 1970 sun soki fasalin a kan haka. Ita kanta mai zanen ta bayyana daga baya cewa lokacin da ta yi aikin ba ta da wata gogewa a girki. An auna ƙafar mai girki da kyau, ba a auna kaɗaicinta ba. To idan wadda ta bi aikin da agogo ta yi wannan tuntuɓe, ina ga wanda ya ga hoto a waya ya miƙa wa kafinta ya ce yi mini irin wannan?

Mu duba tsayin teburin kawai. Kabet ɗin ƙasa da ake yi mana tsayinsa kusan ƙafa 3 ne, wato wajen santimita 90, domin an auna shi ne da mai aiki a tsaye, tana yanka a kan katako, tana juya 'yar tukunya da hannu ɗaya. Yanzu a ɗora tukunyar tuwon gida mai mutum 15 a kan murhun da ke wannan tsayi, bakin tukunyar ya kusa ƙirji, a ce wa mace ta tuƙa. Tuƙin tuwo ba aikin wuyan hannu ba ne, aikin kafaɗa ne da gadon baya. Yana so tukunya ta zauna daram a ƙasa, mai tuƙi tana bisa kujera 'yar tsugunno, muciya ta sami inda za ta yi ƙarfi. Ga turmi, wanda in aka yi daka biyu da shi a kan tayil sai an nemo mai tayil. Ga tankaɗe, ga wankin tsaba, ga surfen wake na ƙosai da alala, dukansu suna son fili da ruwa da magudana mai faɗi, ba ɗan kwanon wanke-wanken da aka ƙera domin faranti shida ba. Shi kansa katakon da akasarin kabet ɗin kasuwa ke zuwa da shi, wanda matsattsen garin katako ne, in ya sha ruwa sai ya kumbura ya fara zuba. Girkinmu kuwa na ruwa ne.

Sakamakon kowa ya san shi, sai dai ba a cika faɗa ba. Gida ya zama mai madafi biyu. Na ciki, mai tayil da sheƙi, nan ake dafa shayi da taliyar yara da soya ƙwai, nan kuma ake leƙawa da baƙi su yi santi da ido. Na waje kuwa, can bayan gida, 'yar rumfar kwano ce da duwatsu uku ko murhun gawayi, nan ake tuwo da dambu da wake da suyar naman layya da duk wani girki mai nauyi. To wa ke tsugunne a na wajen? A gidajen masu hali ba uwargida ba ce. Wata yarinya ce da aka ɗauko daga ƙauye, wadda ba ta gama girma ba, wadda ladan aikinta ma galibi ba hannunta yake shiga ba. Ko wata dattijuwa da rashin mai tallafi ya fito da ita aikatau. Hayaƙin da aka kashe dukiya don a kore shi bai bar gidan ba. An dai canja masa ƙirji.

Wannan shi ne abin da muke ganin ya cancanci a tsaya a kansa. Akwai bambanci tsakanin kawar da cuta da tura ta gaba. Wanda ya share ƙofar gidansa ya tara sharar a ƙofar maƙwabci bai yi shara ba, ƙaura ya yi wa datti. Tura cuta kuma ta fi sauƙin yi idan wanda aka tura wa ba shi da bakin magana, ba a kuma hango shi daga falo. Bangon da ya raba madafin ciki da na waje ba hayaƙi kaɗai yake tarewa ba, har da ido. Maigidan ba mugu ba ne, yana iya zama mai kyauta da zumunci. Abin da ya faru shi ne ginin da kansa ya ɗauke masa nauyin gani, ya bar shi da kwanciyar hankalin wanda ya yi abin kirki. Mu da muke koyarwa a makarantun sakandare mukan ga ƙarshen zaren. Waɗanda aka yi wa alfarmar zuwa makaranta daga cikin yaran nan, su ne ke shigowa aji bayan an ci rabin darasin farko, idanu jajur, hijabi na warin hayaƙi, kafin a tashi tara kai ya kife a kan benci. Wasunsu 'yan aiki ne, wasu 'yan riƙo, wasu kuma 'ya'yan gidan ne na cikinsu, laifinsu kawai an haife su mata.

Za a ce mana, ai yarinyar a ƙauyensu ma da kara take girki, a nan kuwa tana ci tana ƙoshi. Haka ne. Amma sabon da mutum ya yi da wahala ba ya halatta maka ka ɗora masa ita alhali kana da ikon sauƙaƙawa. In da haka ne, da babu talakan da zai taɓa samun haƙƙi a kan mai hali, tunda kullum akwai inda ya baro da ya fi nan muni. Za a kuma ce gas ya yi tsada. Wannan ma gaskiya ce, ba kuma ƙarama ba. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1990 suna tune da yadda ƙarancin kananzir ya sa aka jingine risho aka koma murhun garin katako da gawayi, har aka laƙaba masa sunan Abacha. Haka nan bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, gidaje da yawa da suka saba da gas sun koma gawayi. Ba mu da ta cewa ga wanda aljihunsa ya gaza. Malamin makaranta ai ya fi kowa sanin yadda tukunyar gas ke ƙarewa wata bai ƙare ba. Maganarmu da wanda ya sami kuɗin dutse mai sheƙi ne, amma bai sami na ɗaga rufin rumfar baya don hayaƙi ya sami mafita ba. Wannan ba rashi ba ne, zaɓi ne na abin da za a fara da abin da za a bari.

Kada kuma a ɗauka muna yaƙi da ƙawa ne. Sau da yawa ba maigida ne ke son kabet da tayil ba, matar ce da kanta, ko uwar amarya da ta shekara tana zubin adashi domin ranar jere. Ba kuma wauta suke yi ba. 'Yar Bahaushe ta daɗe tana jera kwanoni da tasoshi da fanteka a ɗakinta, jeren nan kuwa ado ne, ajiyar dukiya ce, kuma shela ce cewa ita 'yar gata ce mai dangi a bayanta. Jeren ne ya tashi daga ɗakin kwana ya koma kicin. Mai aiki yana da haƙƙin ya yi aikinsa a wuri mai kyan gani, wanda ya ƙawata ofishinsa kuwa ba shi da bakin hana matarsa ƙawata nata. Inda muke ja da baya shi ne lokacin da ƙawar ta daina yi wa mai aiki hidima, mai aikin ta koma yi mata: tukwane a jere ba a taɓa ɗora su a wuta ba, na'urori na shekara a cikin kwalayensu saboda babu lantarkin da zai ja su, uban amarya kuma yana can yana biyan bashin da ya ci don kada 'yan ganin ɗaki su yi da shi.

Akwai wani hoto da ya shahara a tarihi. A watan Yulin 1959, a wani baje koli da Amurka ta yi a Mosko, mataimakin shugaban Amurka na lokacin, Richard Nixon, da jagoran Tarayyar Sobiyet, Nikita Khrushchev, suka tsaya a gaban wani kicin na gwaji suna musu kan tsarin wane ne ya fi kyautata wa iyali da matar gida. Manyan maza biyu cikin kwat, kewaye da jami'ai da 'yan jarida, suna yanke hukunci a kan ɗakin da ba su ne za su tsaya a cikinsa ba. Duk ranar da maigida da birkila da kafinta suka tsaya a kangon madafi suna nuna bango da yatsa, matar gida tana ciki ba a kira ta ba, wannan hoton ake sake ɗauka.

Abin da za ta nema in an kira ta, ita da yarinyar da ke rumfar baya, ba mu ne za mu amsa musu ba, kada mu zama na uku a hoton. Sai dai abin da muka sha ji daga bakin masu aikin ba ya kai kuɗin dutsen. Taga ce da za ta fuskanci ƙofa don iska ta ratsa. Ɗan dakali ne a ƙasa da za a girke murhu mai baki ɗaya domin babbar tukunya, da wani gefe da za a bari da siminti zalla saboda turmi, da famfo a ƙasa-ƙasa kusa da magudana. Wasu abubuwan kuma ba na jin daɗi ba ne, na rai ne. Gawayi yana fitar da wata iska marar launi marar wari da ke kisa a rufaffen ɗaki, saboda haka duk inda za a hura shi dole ya zama a buɗe. Gas ɗin girki kuma ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, don haka tagar sama kaɗai ba ta fitar da shi. Tukunyarsa ta fi dacewa da waje a inuwa, a kuma bar kafar iska a ƙasan bango. Kafintan da ya rufe tukunyar gas a cikin kabet don kada ta ɓata ado, ya yi wa ido aiki ya bar rai a hannun sa'a.

Sai kuma wurin kujera ta biyu, abin da Frankfurt ta manta. Girkin tsakar gida, duk da hayaƙinsa, bai taɓa zama aikin kaɗaici ba. A nan 'ya ke koyon talge da ruɗe ba tare da an ce mata zo ki koya ba, a nan maƙwabciya ke shigowa ɗiban wuta ta tafi da labari ta bar wani. A gidan yawa, murhun da ba a hura ba yau kowa ya gan shi, kuma ba sai an roƙa ba kwano zai tsallaka daga wannan ƙofa zuwa waccan. Ciyayya ba daga tausayi kaɗai take tashi ba, har da gani. Madafi mai ƙofa da makulli ya raba mace da hayaƙi, amma ya ɓoye murhun da ya kwana da sanyi, ya kuma ɓoye wadda take kuka tana yanka albasa alhali ba albasar ce ta sa ta ba. Ba kafinta ne zai magance wannan ba, amma yana iya rage shi ko ya ƙara. Ko a kan taga guda ma ana rabuwa: birkila zai so ta kalli titi saboda fasalin gini ya fito daga waje, mai girki kuwa sau da yawa tsakar gida take so ta kalla, inda yara ke wasa, inda za ta ga mai shiga da mai fita, ta kuma ji sallamar almajiri tun ƙanzo bai huce ba.